Yadda Na Sha Fama da Agogon Raspberry Pi a Ɗakin Ƙyanƙyasa

Raspberry Pi ba ta da agogo, kuma da wuya mai sayar da ita ya gaya maka haka. Kwamfutar tebur da laftof suna da ɗan batir mai kama da kwabo a jikin allonsu, shi yake riƙe musu lokaci ko an kashe su. 'Yar kwamfutar nan mai girman katin ATM kuwa, tun daga ta farko da ta fito a 2012 har zuwa Pi 4, ba a sa mata shi ba saboda a rage kuɗi. Sai a Pi 5 ta 2023 aka sa mata agogo, shi ma batirinsa daban ake saya. Don haka duk sanda ta tashi sai ta tambayi intanet ƙarfe nawa. Inda wuta ba ta ɗaukewa, intanet kuma yana nan dare da rana, wannan dabara ba ta da aibu. A wajenmu wuta da intanet tare suke tafiya, kuma ba tare suke dawowa ba.

Tawa Pi 3 ce, tana ɗakin da nake ƙyanƙyasar ƙwan kaji. Kowane minti takan karanta zafin cikin injin ta rubuta a fayil tare da lokaci. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, yana son zafi wajen digiri 37 da rabi, kuma abin da na fi buƙatar sani shi ne: idan aka ɗauke wuta cikin dare, batirin inbata ya ƙare, awa nawa ƙwan ya yi yana hucewa? Amsar wannan ce take nuna min ko in sa rai da wannan zubi, ko in fara shirin asara.

Abin da na riƙa gani a fayil ɗin ya ɗaure min kai. Layuka suna tafiya daidai, 2:46, 2:47, 2:48, zafi 37.6. Layin da ke bi musu sai ya koma 2:17, zafi 29. Ya ci gaba da ƙirga daga nan kamar babu abin da ya faru, can kuma sai ya yi tsalle zuwa bakwai saura na safe. Duk sanda wuta ta ɗauke, minti na 17 ake komawa. Awar takan canza, mintin ba ya canzawa.

Wannan 17 ɗin ce ta tona asirin. A cikin Raspberry Pi OS, tsarin da ke tafiyar da Pi ɗina, akwai wata 'yar manhaja mai suna fake-hwclock, aikinta ta rubuta lokaci a wani fayil, /etc/fake-hwclock.data, sau ɗaya a awa da kuma sanda aka kashe kwamfutar ta hanyar da ta dace. Idan Pi ta tashi sai ta karanta abin da ke ciki ta ɗauka shi ne yanzu. Tsarin Debian, wanda a kansa aka gina Raspberry Pi OS, yana gudanar da ayyukan awa-awa ne a minti na 17. Ba don wannan manhaja ba, da Pi za ta iya tashi a 1 ga Janairun 1970, ranar da kwamfutoci irin na Unix suke fara ƙirga daƙiƙoƙinsu. A ganina da 1970 ɗin ta fi min alheri, domin kowa ya gan ta ya san ba daidai ba ce. Ƙarfe 2:17 na daren jiya kuwa ta yi kama da gaskiya. Kamar mai gadin da barci ya kwashe ne, ya farka ya ci gaba da rubutu a littafinsa daga inda ya tsaya. Awannin da na fi buƙata su ne suka ɓace.

To me ya hana ta gyara kanta da wuri? Umarnin farko da ya kamata a buga shi ne timedatectl. Layi biyu ne masu muhimmanci a abin da yake fitarwa, kuma mutane da yawa na farkon kawai suke dubawa. Ɗaya yana cewa "NTP service: active", ɗayan yana cewa "System clock synchronized: no". Na farko yana nufin manhajar da ke tambayar lokaci tana raye, na biyu yana nufin babu wanda ya amsa mata. Da na duba tarihinta da journalctl -u systemd-timesyncd, sai na ga ba ta da laifin komai, intanet ne babu. Da 'yar MiFi nake haɗa ɗakin, ita kuma idan batirinta ya mutu, ko wuta ta dawo ba ta kunna kanta sai an danna mata maɓalli. Pi ta tashi cikin ƙasa da minti ɗaya, MiFi tana jiran in farka. Tsallen nan na bakwai saura shi ne lokacin da na shiga ɗakin na kunna ta.

Tsarin da ake tambayar lokaci da shi, NTP, tsoho ne. David Mills, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Delaware ta Amurka, shi ya ƙirƙiro shi, bayaninsa na farko ya fito a 1985, shi kuma ya rasu a Janairun 2024. Kwamfutarka takan aika ɗan gajeren saƙo ta ƙofa mai lamba 123 zuwa wata babbar kwamfuta mai raba lokaci, wato saba. Ana rubuta lokacin fitar saƙon, da na isarsa, da na fitowar amsa, da na dawowarta. Daga waɗannan huɗun ake lissafa tsawon hanya da kuma yadda agogonka ya kauce. Lissafin yana ɗauka cewa tafiya da dawowa tsawonsu ɗaya, abin da ba kasafai yake zama gaskiya a layin waya ba, amma kuskuren da ke fitowa daga nan bai kai daƙiƙa ba, ƙwai kuma bai damu da shi ba.

Na gwada ntpd, tsohuwar manhajar da ta fito daga aikin Mills, don tana nuna bayani dalla-dalla. Nan na ci karo da wata matsala daban. Ga intanet yana aiki, shafuka suna buɗewa, amma ntpq -p yana nuna duk sabobin a mataki na 16, gurbin reach mai nuna amsoshin da aka samu kuma sifili. A NTP, mataki na 1 shi ne sabar da ke haɗe kai tsaye da agogon atom ko GPS, na 2 mai karɓa daga na 1, haka har 15. Mataki na 16 ma'anarsa ba a samu komai ba. Na buɗe tcpdump -n udp port 123, mai nuna saƙonnin da ke shiga da fita ta wannan ƙofa, na zauna ina kallo. Saƙonni suna fita ɗaya bayan ɗaya, babu ko ɗaya da ya dawo. Amma da na buga ntpdate -u, nan take amsa ta zo daga sabar da ta yi shiru a baya.

Bambancin yana ƙofar da saƙon ya fito. Ita ntpd daga ƙofa 123 take aikawa zuwa ƙofa 123, shi kuwa harafin u ɗin nan yana sa a yi amfani da wata ƙofa mai babbar lamba. A 2013 da 2014 ɓata-gari sun yi ta amfani da sabobin NTP wajen kai hari: su aika ƙaramar tambaya da adireshin wanda suke so su cutar, saba ta tura masa amsa mai ninkin girma har layinsa ya toshe. Tun daga nan wasu kamfanonin intanet suke tace abin da ya shafi wannan ƙofa, kuma alamu sun nuna layin da nake kai yana cikinsu. Ban tsaya jayayya da kowa ba, na cire ntpd na sa chrony, wadda take aika tambayarta daga ƙofofi daban-daban. Cikin 'yan mintuna chronyc sources ya nuna tauraro a gaban saba ɗaya, alamar daga ita ake karɓar lokaci, reach ya hau har 377, wato tambayoyi takwas na ƙarshe duk an amsa su.

Ko ba don ƙofa ba, chrony ta fi dacewa da irin yanayinmu, domin tun asali an gina ta ne don kwamfutocin da intanet yake zuwa musu yana tafiya. Ita ntpd idan ta ga tazarar ta wuce daƙiƙa 1000 takan tsaya cak ta bar wa mutum gyaran, sai dai in an tashe ta da -g, wanda yake yafe mata sau ɗaya. Gyaranta na a-hankali kuma ba ya wuce rabin kashi ɗaya cikin dubu a kowace daƙiƙa, wato kuskuren daƙiƙa ɗaya tak yana cin fiye da rabin awa. A fayil ɗin chrony akwai layin makestep 1 3, mai ba ta izinin tsallake tazarar gaba ɗaya a gyare-gyare uku na farko idan ta wuce daƙiƙa ɗaya.

Matsalar da ta fi ba ni wahala ta zo ne bayan ɗaukewar wuta ta lalata katin ajiyar Pi, na mayar da kwafin da na adana watanni kafin nan. Pi ta tashi da kwanan watan da aka yi kwafin. Na nemi sabunta manhajoji, babu abin da ya motsa. Na duba chrony, ba ta ma samu adireshin ko saba ɗaya ba. Dalili shi ne a kan Pi ɗin ina da Pi-hole mai tare tallace-tallace don data ta yi auki, da Unbound mai nemo adireshin lamba na kowane suna a intanet, Unbound kuma tana tantance sa hannun DNSSEC, wato shaidar cewa adireshin ba na jabu ba ne, kafin ta yarda da shi. Kowane sa hannu yana da ranar fara aiki da ranar ƙarewa. A idon kwamfutar da ke zaune a watannin baya, duk sa hannun yau ranarsu ba ta zo ba, sai ta ƙi su. Ba za ta san adireshin pool.ntp.org, inda ake samun sabobin lokaci, ba sai agogonta ya yi daidai, agogon kuma ba zai yi daidai ba sai ta isa can. A ranar da hannu na sa lokaci da umarnin date. Don kada a maimaita, na ƙara saba ɗaya da lambarta tsagwaro a fayil ɗin chrony, 162.159.200.1, ta Cloudflare, wadda ba ta buƙatar a nemo suna. Duk wanda ya ga apt, mai sabunta manhajoji, tana cewa "not valid yet", ko shafukan https suna ƙin buɗewa gaba ɗaya, ya fara duba agogo kafin ya taɓa wani abu.

Akwai kuma wani tarko da bai shafi NTP ba sam, amma shi ake ɗora wa laifi. NTP lokacin UTC kaɗai yake rabawa, wato lokacin bai-ɗaya na duniya, yankin da aka saita wa kwamfuta ne yake juya shi zuwa na gida. Idan ba a canza ba, Raspberry Pi OS takan zo a kan lokacin Landan. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, Ingila tana gaba da UTC da awa ɗaya, daidai da Najeriya da Nijar. Wanda ya haɗa Pi ɗinsa da damina zai ga agogo lafiya ƙalau, sai ƙarshen Oktoba ya wayi gari ya koma baya da awa guda cif. Umarnin timedatectl set-timezone Africa/Lagos ya wadatar, ko Africa/Niamey ga wanda ke Nijar. Kuskuren da ya zo awa ɗaya ba ƙari ba ragi, kusan kullum na yanki ne.

Duk waɗannan gyare-gyare ba su taɓa ainihin damuwata ba, domin har yanzu da ƙarfe uku na dare babu intanet. Ana ba da shawarar a kunna systemd-time-wait-sync, a sa manhajar rubutu ta jira har agogo ya daidaita. Ga wanda yake sarrafa kuɗi ko takardun shaida wannan daidai ne. Ni ban yarda da shi ba, don zafin da injin yake nunawa a mintunan farko bayan dawowar wuta shi ne mafi daraja a duk fayil ɗin. Sai na sa kowane layi ya ɗauki abu uku: lokacin UTC, da adadin daƙiƙoƙin da Pi ta yi tun tashinta, wanda ake karantawa a /proc/uptime, da alamar ko agogon ya daidaita ko bai daidaita ba. Ƙirgen tashi ba ya tsalle ko an gyara agogo, don haka da zarar lokacin gaskiya ya samu, ana iya komawa baya a lissafa wa kowane layi nasa.

Abin da ya kashe maganar shi ne ɗan allon agogo mai suna DS3231, wanda da za a tambaye ni, shi zan ce a saya rana ɗaya da Pi. Waya huɗu yake buƙata: wutar volt 3.3 a fil na 1, SDA a na 3, SCL a na 5, sai ta ƙasa. Bayan kunna I2C, hanyar da Pi take magana da allon ta wayoyin SDA da SCL, umarnin i2cdetect -y 1 ya nuna min 68, lambar allon, a cikin jadawalin. Na ƙara layin dtoverlay=i2c-rtc,ds3231 a config.txt, na sake tashin Pi, 68 ta koma UU, alamar tsarin ya karɓe shi. Na cire fake-hwclock, na jira chrony ta daidaita, sannan na zuba masa lokaci da hwclock -w. Daga nan layin rtcsync da ke fayil ɗin chrony yana sa a riƙa sabunta shi duk minti 11 muddin agogon kwamfutar yana daidai.

Na zaɓe shi a kan DS1307 mai araha saboda zafi. Kiristal ɗin da ke ƙirga lokaci yana sauya gudu idan yanayi ya sauya, shi kuwa DS3231 yana auna zafin jikinsa yana gyara kansa. Tsakanin digiri 0 da 40 kuskurensa bai wuce kashi biyu cikin miliyan ba, kusan minti ɗaya a shekara. Ko a zafin Afrilu da ɗaki yake haura 40, bai kai minti biyu ba. A lura da abu ɗaya: wasu allunan masu araha suna da hanyar cajin batir a jikinsu, batirin CR2032 kuma ba a yi shi don caji ba, yana iya kumbura, musamman in an ba allon wutar volt 5. Shi ya sa na tsaya a 3.3.

Gwajin da na yarda da shi shi ne na kashe MiFi, na zare wa Pi wuta ba tare da sallama ba, na bar ta har bayan sallar isha'i, sannan na mayar. Umarnin date ya ba da lokacin da ke wayata. A fayil kuma layin ƙarshe kafin zarewa da na farko bayan dawowa sun bar tazara a fili tsakaninsu, wadda zan iya ƙirgawa da minti, in kuma ga digiri nawa injin ya sauka a cikinta.