Sati huɗu da karayar Umma

Yau sati huɗu cif da Umma ta zame a banɗaki ta dafa ƙasa da tafin hannu, wuyan hannunta na dama ya karye. Da safe na raka ta asibiti aka sake ɗaukar hoton ƙashi, likita ya ɗaga shi wajen haske ya nuna mana wani fari-fari kamar hazo a bakin tsagar, wai sabon ƙashi ne ya fara haɗowa, nan da sati biyu in Allah ya yarda za a cire simintin.

Ni dai abin da ke cina tun jiya na'urar nan ce ta maganaɗisu da nake ta karantawa a intanet, wadda ake ɗaurawa a kan simintin ta riƙa aika bugun maganaɗisu cikin ƙashi na wasu awanni kullum, ba zafi ba komai. Na tambaye shi kai tsaye don wallahi na gaji da ganin Umma ko maɓallin riga ba ta iya sawa sai an taya ta, ita da ba ta son a yi mata abu. Ya ce na'urar ba ƙarya ba ce, tun 1979 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita, amma don ƙashin da ya ƙi haɗuwa ne bayan watanni, a sabuwar karaya kuwa binciken ya rabu, wasu sun ga ɗan sauri wasu ba su ga bambanci ba. Nata yana haɗuwa da kansa. Kuma mai na'urar bugun zuciya a ƙirji ba a sa masa.

Sai ya juya wajenta ya ce Hajiya, ni ba hannun ne ya fi damuna ba, mace mai shekara 61 ta faɗi daga tsaye kawai ƙashi ya karye, alama ce ƙasusuwan sun fara laushi, don da zarar al'ada ta ɗauke sinadarin estrojin yana raguwa ƙashi ya riƙa zaizayewa shiru ba ciwo. Gabana ya faɗi, ƙugunta na tuna, in can ne ya karye fa? Ya rubuta gwajin ƙarfin ƙashi na DEXA, da bitamin D, da kalsiyam, ya ce bukatarta kamar miligiram 1,200 ne a rana haɗe da na abinci, kuma a raba ƙwayar safe da yamma saboda hanji ya fi tsotsarsa da kyau in bai wuce wajen 500 a lokaci ɗaya ba.

Da dare na ɗora hannun a kan filo biyu, yatsun har yanzu da ɗan kumburi, ina ƙirgawa tana dunƙulewa tana buɗewa. A na takwas ta ce "ke ya isa haka", na ce Umma saura biyu, ta yi. Gobe da wuri zan je neman ranar gwajin.