Godiya bayan an sallamo Baba

Assalamu alaikum warahmatullah. Alhamdu lillahi, Baba ya dawo gida. An sallamo shi ranar Talata da yamma, yana takawa da ƙafarsa, yana ci yana sha, har ya soma faɗan wai miyar da ake ba shi babu gishiri. Duk wanda ya san shi ya san in ya fara faɗa a kan abinci, to sauƙi ya samu. Ni kuwa sai yanzu gajiyar take fito mini, saboda haka wanda ya kira bai same ni ba, da wanda ya turo saƙo ya ji shiru, a yafe mini. Na gani, kuma na karanta wa Baba da yawa daga ciki.

Ba sai na maimaita ba, tare da ku aka yi tun daga ranar Asabar 27 ga Nuwamba 2021, da ciwon zuciya ya kayar da shi a filin ƙwallo, har zuwa fitarsa daga ɗakin masu tsananin jinya. Abu ɗaya ne ban ba da labarinsa yadda ya kamata ba, shi ne na matar nan mai jar riga.

Wanda bai zauna Mishigan ba, da wuya ya gane abin da jar riga take nufi a filin wasan Jami'ar Mishigan da ke garin Ann Arbor. Jami'ar Mishigan da Jami'ar Jihar Ohayo tun 1897 suke karawa a ƙwallon Amurka, kuma gabar gado ce, uba ya bar wa ɗa. Mu 'yan Mishigan shuɗi da ruwan ɗorawa muke sawa, su 'yan Ohayo ja da ruwan toka. Kafin ran nan, rabonmu da cin su tun 2011. Sau takwas a jere suna lallasa mu, a 2020 kuma korona ta hana wasan. Ran nan mutum 111,156 ne a filin, ga dusar ƙanƙara tana sauka tun kafin a take wasa da tsakar rana. Ita da mijinta suna bencin bayanmu, jajaye tun daga hula har safar hannu, kuma ba su raga mana ba. Duk sa'ad da C.J. Stroud, mai jefa ƙwallon Ohayo, ya jefa ƙwallo aka cafe, a kunnena take ihu.

Saura minti biyu da 'yan kai a tashi, ɗan wasanmu Hassan Haskins ya shiga da ƙwallo karo na biyar, aka koma muna 42 suna 27. Filin ya ɗauka gaba ɗaya. Kowa a tsaye, ana tsalle, ana rungumar wanda ba a sani ba. Na juya in kama hannun Baba, sai na gan shi a zaune, kansa ya langaɓe, ya zame tsakanin benci da benci. Na ƙwala ihu, ni kaina ban ji muryata ba. Mutum dubu ɗari suna murna, babu mai kallon ƙasa. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan lokacin ba, kuma ba na fatan ko maƙiyina ya ji shi.

Ita ce ta gani. Ta tsallako benci, ta dafa wuyansa, ta kara kunne a bakinsa, ta daka wa mijinta tsawa ya ruga sama ya kirawo masu agajin filin, ta nuna wani saurayi da yatsa ta ce kai, buga 911. Muka shimfiɗe Baba a kan siminti mai jiƙe, ta zuge rigar sanyinsa, ta ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirjinsa ta fara dannawa da dukkan ƙarfinta. Da na ji haƙarƙari ya yi ƙara sai na riƙe mata hannu. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce in sake ta, ita ma'aikaciyar jinya ce, in riƙe kansa in yi ta yi masa magana. Na riƙe kansa. Abin da ya zo bakina kawai La'ilaha illallahu, shi na yi ta faɗa masa a kunne.

Filin nan a cikin rami aka gina shi, ta sama ake shiga, kujeru su gangara har ƙasa. To da lokaci ya cika, jama'a suka ɓarke za su sauka fili murna, mu kuma muna kan hanyar gangarowarsu. A nan na sallama cewa ko ciwon bai kashe shi ba, tattakewa za ta ƙarasa shi. Sai ga waɗansu samari masu shuɗin kaya, waɗanda ɗazu suke yi wa matar nan eho, sun sarƙe hannuwa sun kewaye mu, suna karkatar da mutane dama da hagu. Shekara goma suna jiran ranar da za su taka filin nan, suka tsaya a kan tsohon da ba su san daga ina ya fito ba. Ita kuwa ba ta tsagaita ba har masu agaji suka iso da na'urar da ke girgiza zuciya da lantarki. Aka manna masa, aka ce kowa ya janye hannu, jikinsa ya zabura. Can sai ya ja numfashi. Ta cire jar rigarta ta lulluɓe shi, aka ɗauke shi a gadon ɗaukar marasa lafiya, na bi su a guje.

Ban tambayi sunanta ba. Rigar tana nan a wurinmu, maiɗakina ta wanke ta goge ta rataye. Likitocin zuciya sun gaya mini cewa jijiya ce ta toshe, sun buɗe ta sun sa ɗan siririn bututun ƙarfe, amma dannawar mintocin farko ita ce ta sa jini bai yanke wa ƙwaƙwalwarsa ba. Haƙarƙarin da na so in hana a karya, yau shi Baba ya fi kuka da shi, ya fi ƙorafinsa a kan zuciyar ma. Da na ba shi labari ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "To ai sai mu yi ta yi mata addu'a, tunda ba mu da abin biyanta." Ya Allah, Kai ka san ta, Ka san inda take kwana. Ka saka mata da mafificin alheri, Ka tsare ta da mijinta da zuriyarta, Ka sa ranar da za ta nemi taimako ta samu hannu a kusa, Ka haskaka zuciyarta. Samarin nan ma Allah Ya raya su, Ya ba su abin da suka zo nema a makaranta, Ya sa su gama da iyayensu lafiya.

Masu tambayata ko Baba ya san abin da yake kallo ran nan, wallahi ya fi ni gani. Wannan ne zuwansa filin ƙwallon Amurka na farko. Na fara yi masa bayanin cewa kowane ɓangare yana da dama huɗu ya ci yadi goma, ya ɗaga mini hannu ya ce in bar shi. Mutumin da ya yi kokawa a ƙasar Kabi da ƙuruciyarsa, ko kallon ƙwallon bai yi ba, ƙattin nan biyar na gaba masu ture mutane ya zuba wa ido. An tafi hutun rabin lokaci muna 14 suna 13, cikina ya ɗuri ruwa, shi kuwa ya ce mini, "Kwantar da hankalinka. Dubi ƙafafun jajayen nan, da baya suke tafiya. A kokawa wanda aka fara turawa baya, faɗuwarsa lokaci take jira." Da ya ji ana kiran sunan Haskins a lasifika kuma ya tambaye ni ina Husaininsa.

A dararen ɗakin jira, da barci ya ƙi zuwa, na sake kallon wasan a waya, na ga maganarsa ce ta tabbata. Ohayo sun zo da masu cafe ƙwallo uku da babu kamarsu a jami'o'in ƙasar nan a kakar 2021, Garrett Wilson da Chris Olave da Jaxon Smith-Njigba, kuma Stroud ya jefa ƙwallo ta yadi 394. Wanda ya ga wannan lissafi kaɗai zai rantse su suka ci. Amma a guje da ƙwallo yadi 64 kacal suka samu, mu kuwa 297. Haskins shi kaɗai ya ci yadi 169. Mai jefa ƙwallonmu Cade McNamara ko sau ashirin bai jefa ƙwallo ba, don ba a buƙata. A ganina wasan ya karye ne da dawowa daga hutu: Ohayo suka karɓi ƙwallo, suka gwada gudu sau uku aka tare su, suka mayar mana. Mu kuma a taɓawa uku muka ci yadi 81, Blake Corum ya ɓalle da gudun yadi 55, Haskins ya ƙarasa. Daga nan duk sa'ad da suka matso, sai a miƙa wa Haskins ƙwallo a bi ta tsakiyarsu, sun san ta nan za a biyo kuma ba su da yadda za su yi. Ba wata dabara ce mai zurfi kocinmu na ran nan, Jim Harbaugh, ya kawo ba, ƙarfi ne aka gwada, na wani ya fi na wani. Hayaniyar filin ma ta yi aikinta, don sau da yawa 'yan gabansu suna motsawa kafin lokaci ana mayar da su baya.

Ta ɓangaren tsaronmu kuwa, Aidan Hutchinson sau uku yana kayar da Stroud kafin ya saki ƙwallo. Amma wanda Baba ya so shi ne mai lamba 55, David Ojabo, tun da na gaya masa a Najeriya aka haife shi kafin iyayensa su koma Aberdeen ta ƙasar Scotland. Duk fitowarsa sai ya ce, "Ga ɗanmu can." Ojabo ya kayar da Stroud a ƙarshen wasan, daidai lokacin da muke durƙushe a kan siminti. Sai a asibiti na nuna masa, ya sa na maimaita masa, yana dariya yana dafe haƙarƙari.

Na san waɗanda zan ambata ba sa so, su yi haƙuri, yau kam sai na faɗa. Limaminmu, wanda ya riga ni isa asibiti, ya zauna da ni har asuba bai ce mini komai ba sai "ci gaba da salati". Uwargidansa da ta kwashe yaranmu ta haɗa da nata, har yau ƙaraminmu yana neman komawa can. Kawu na Detroit, da shekarunsa da ciwon gwiwarsa, kullum yana hanya a cikin ƙanƙara da kular tuwo, ko da yake likita bai bari Baba ya ci ba, mu muka cinye. Ɗan'uwanmu ɗan Damagaram mai tasi, wanda ya kashe mitarsa ya yi ta jigilar iyalina, na miƙa masa kuɗin mai ya ce in na sake za mu ɓata. Yaya Babba a Kaduna, ita ta tafi ta tare a wurin Inna, ta san abin da za ta gaya mata da abin da za ta dakata da shi har Baba ya buɗe ido. Sai 'yan'uwa na masallaci da suka yi karo-karo, don kun san kuɗin asibiti a ƙasar nan ba ya jin sallama, balle ga baƙo mai bizar ziyara. Da ma'aikatan jinya na dare, musamman wadda ta lura Baba yana neman alƙibla da ido ta juya masa gado ba tare da an roƙe ta ba. Maiɗakina kuwa ba a fili zan gode mata ba, Allah Ya biya ta da Aljanna.

Akwai kuma waɗanda tsakaninmu da su tafiyar awa uku ce a mota, jini ɗaya, nono ɗaya da Baba ta wajen uwa. Saƙonsu ya iso, har da tambayar me ya kai tsoho kallon ƙwallo a cikin sanyi. Shi ya ce a kai shi, kuma likita ya ce jijiyar ta daɗe tana toshewa, da a ɗaki shi kaɗai ta same shi da wani labarin ake yi. Mun san hidima ta yi yawa. Ƙofa a buɗe take.

Allah Ya saka wa kowa da alheri, wanda ya zo da wanda ya kira da wanda ya yi addu'a a ɓoye ba mu sani ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Waɗanda suka rasa nasu a ɗakin da muka fito da namu, Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya ƙara wa Baba da Inna nisan kwana mai albarka, Ya sa mu cika da imani. Amin summa amin.

Liman ya amince a kawo mai koyar da danna ƙirji masallaci bayan sallar Juma'a, za a sanar da rana. Ina roƙon maza da mata kowa ya zo. Abin ba wuya: tsakiyar ƙirji, a danna ya nutse kamar inci biyu, sau 100 zuwa 120 a minti, kada a tsaya sai masu agaji sun karɓa.

Masu son gaishe da Baba a bari sai bayan la'asar, kuma a taƙaita, don yana saurin gajiya ko da bai yarda ba. Kada a kawo masa kilishi ko soyayyen nama, ko ya roƙa. Ya ji labarin mun ci Jami'ar Ayowa 42 da 3 mun ɗauki kofin rukunin jami'o'inmu na Big Ten, yanzu rigimarsa wasanmu da Jami'ar Jojiya na ranar 31 ga Disamba. Na gaya masa ƙattin gaban Jojiya ba irin na Ohayo ba ne, ba na jin za su turu, ya ce sai ya ga ƙafafunsu tukuna. Likita dai ya ce ko a talabijin sai an ga yadda awon jininsa ya kasance a mako mai zuwa.