Injin ces biyu a kan firosesa ɗaya

Aikin kammala digiri da muka yi a Gusau shi ne haɗa Stockfish da wasu injinan wasan ces (manhajojin kwamfuta masu buga chess, darar Turawa) su kara a laftof ɗaya, mu fitar da wanda ya fi ƙarfi. A nan na gane cewa makin da ke fitowa da safe sau da yawa rabon firosesa yake aunawa, ƙarfin injin kuwa yana can gefe.

Injin ces da lissafi yake cin wasa, yana duba dubban ɗaruruwan yanayin allo a kowace daƙiƙa. Rage masa gudu, ka rage masa zurfin hange.

Babban tarkon shi ne Ponder. In an kunna shi, injin yana ci gaba da lissafi ko da agogon abokin karawarsa ne ke tafiya, yana hasashen abin da zai buga. In kowa na da kwamfutarsa, ba laifi. Amma laftof mai ƙwaya huɗu (sassan firosesa da kowanne ke lissafi da kansa), kowane injin kuma an ba shi huɗun? Wanda ke da bugu zai tarar da ɗayan ya sa hannu a kwanonsa. Abin ya fi muni in ɗaya bai iya Ponder ba: ana cin lokacinsa, shi bai ci na kowa ba, a ƙarshe a ce masa rago. TCEC, babbar gasar injinan ces, ma a kashe take barinsa.

Sai kuma zare takwas, wato layukan aiki, da Windows ke nunawa alhali ƙwayoyin gaske huɗu ne, bibbiyu ke raba ɗaya. Wanda ya saki wasa takwas lokaci guda yana murnar gamawa da wuri, bai auna komai ba.

Zafin Afrilu ma yana da nasa kason. Firosesa in ta yi zafi da kanta take rage gudu, haka in an ɗauke wuta laftof ya koma batir. Wasan azahar da na asuba ba a gudu ɗaya aka buga su ba. Ko manya ba su tsira daga irin wannan gardama ba: da wani injin mai suna AlphaZero ya doke Stockfish a 2017, an yi ta ƙorafin ma'ajiyar lissafi ta gigabait 1 da aka bai wa Stockfish mai zare 64.

Tsarin da malaminmu ya amince da shi: Ponder a kashe, kowane injin zare ɗaya, wasa uku kawai lokaci guda, ƙwaya ta huɗu a bar wa Windows da manhajar da ke riƙe agogo.