Talata, cikin hunturu: abin da Inna ta zaɓa

Yau da hantsi aka kawo mana wata dattijuwa asibiti daga wani ƙauye kusa da Ringim, numfashi sama-sama. Ta tsufa tana hura itace a madafi marar taga, har hayaƙi ya toshe mata hanyoyin huhu, ciwon da likitoci ke kira COPD. Hazon kwanakin nan ya tayar da shi. Na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin a jini ta nuna kashi 83 cikin ɗari. Aka sa mata oksijin ta hanci, lita 1 zuwa 2 a minti, ana neman 88 zuwa 92 kawai. Ɗanta ya roƙa a ƙara, ba a ƙara ba. Mai irin wannan huhu, in oksijin ya yi yawa, gurɓatacciyar iskar da ya kamata ta fita takan taru a jini, ya yi ta gyangyaɗi har ya suma.

Bayan la'asar ta samu sararin magana, sai aka zauna da ita da 'ya'yanta. Wannan zaman ne abin da ya fi damuna, domin galibi ba a yinsa sai mara lafiya ya kasa buɗe baki, a bar 'ya'ya da yanke hukunci cikin kuka.

"Inna, in numfashin ya ƙi, me kike so a yi miki?"

Aka warware mata dalla-dalla. Akwai takunkumin da inji ke tura iska ta cikinsa, tana farke, tana iya cewa a cire. Akwai bututun da ake zurawa a maƙogwaro bayan an sa mutum barci, inji ya riƙa yi masa numfashi. Wannan sai babban asibiti irin na Malam Aminu Kano, ga nisa ga tsada, kuma huhun da ya gaji yakan yi wuyar rabuwa da injin. Sai danna ƙirji in zuciya ta tsaya, sau 100 zuwa 120 a minti, wanda kan karya haƙarƙarin tsoho, ba kuma kasafai yake dawo da mai irin ciwonta ba.

Ta yi shiru, ta ce, "Ɗan nan, takunkumin na yarda. Bututun a bar shi. In ajali ya zo, ya same ni a ɗakina."

An rubuta a katinta a gaban 'ya'yan, za a sake tambayarta duk zuwa, don ra'ayi kan sauya. Kulawa ba ta tsaya ba: maganin shaƙa, fifita a fuska da mafici, fitar da numfashi a hankali ta tsukakken baki. Murhu kuma daga gobe a tsakar gida.