Yau motar ta mutu a gaban Baba

Talata, Yamai.

Tun da zafi ya shigo motar nan take wannan hali. Da safe lafiya lau, kontak ɗaya ta tashi, in sauke yara lakwal, in tsallake gadar Kennedy in wuce wurin aiki, ko tari ba ta yi. Sai da rana, in an shiga cunkoso ana tafiya ana tsayawa, kawai inji ya ɗauke. Demaro, wato abin da ke murza inji don ya tashi, yana juyawa da ƙarfinsa amma ba ta kamawa. In na buɗe kapo na bar ta wajen minti 20 ta sha iska, sai ta tashi ta kai ni gida. Wata rana ta yi, wata rana ba ta yi. Corolla ce ta 2004 mai inji 1.6, ta Kwatano ta shigo, yanzu ta haura kilomita 310,000.

Kafin yau an canza mata buji, an canza filtar esans, har pompo sabo an sa cikin tanki. Duk garajin da na kai ta, a gabansu ba ta yin komai, sai a ɗauki abin da aka fi zargi a canza, in biya in tafi. Wani mai gyaran wuta kuma da ya ga fitilar inji ta kunna a tablo, kan batir ya cire ya mayar, fitila ta mutu, ya ce an gama.

Yau ba ni da aji da yamma, sai na bi kwatancen surukina zuwa wani garaji a Bukoki. Mai wurin dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Bai taɓa motar ba sai da ya zaunar da ni a benci ya yi ta tambaya. Da sanyi take yi ko sai ta yi zafi? Tana shaƙewa tukuna ko tsaf take ɗaukewa? Tanki cike yake ko ya kusa ƙasa? A ina nake shan mai, tasha ko na kwalba? Ta taɓa yi a kan doguwar hanya? Nan na tuna na je Doso na dawo da ita ba ta yi ba, a cikin gari kaɗai take yi. Ya jinjina kai ya ce, "To Mushe, a hanya iska na dukan inji. A cunkoso kuwa zafi taruwa yake yi ƙarƙashin kapo."

Ya sa yaronsa ya ɗauko na'urar bincike, wadda suke ce wa baliz, aka jona ta a wata soket mai ƙofa 16 ƙarƙashin sitiyari. Kowace mota mai esans da aka sayar a Turai daga 2001 tana da wannan soket, a Amurka ma tun 1996 aka wajabta. Na'urar ba ta nuna komai ba. Da na ba shi labarin cire batir, ransa ya ɓaci sosai. Ya ce kwamfutar mota tana rubuta lambar matsala, tana kuma ajiye yanayin da inji yake ciki a lokacin, zafin ruwa nawa, juyi nawa. A irin wannan mota cire batir yana share duka. Wato shaidar da ta rage aka goge.

"Baba, yanzu ya za a yi?"

"Sai mun sa ta ta yi a gabanmu."

Bayan Azahar muka fita, rana na tsakiyar dukanta, waya na nuna digiri 44. Ni ke tuƙi, Baba a gefena, yaron a baya riƙe da na'ura a jone, da buji ɗaya a aljihu da ƙaramin makulli. Baba ya ce in kunna kilim in nemi inda ya fi cunkoso. Muka yi Katako, muka zaga, muka nufi Wadata, muna bin bayan taksi da ƴan kabu-kabu da kurayen ruwa. Gumi ya jiƙe mini riga, kuma ga mamakina addu'a nake ta mutu. Kusa da kasuwar Wadata ta ɗauke. Muka tura ta gefe.

Abin da ya biyo baya bai fi minti biyar ba, kuma shi ne ya fi komai burge ni yau. Baba ya ce in murza kontak in sa ido kan allurar juyin inji. Demaro na juyawa, allura kwance, ko motsi. Yaron ya ce a na'ura ma sifiri take nunawa. Suka buɗe kapo da sauri kafin ta huce, yaron ya kwance bobin ɗaya, wato abin da ke ba buji wuta, ya soka masa bujin aljihunsa, ya ɗora shi jikin ƙarfen inji, na sake murzawa. Ba tartsatsi ko ɗaya. Sai ga lamba ta fito: P0335.

Muna jiran ta huce ƙarƙashin wata bedi, Baba ya warware mini. Inji na buƙatar esans da iska da wuta, kuma kowanne a kan lokacinsa. Da bobin ɗaya ce ta lalace, motar rawa za ta yi tana tafiya da silinda uku, lambar kuma tsakanin P0301 da P0304 za ta fito, ba za ta mutu gaba ɗaya ba. Da pompo ne, za ta fara shaƙewa tana rasa ƙarfi, kuma da mun ga wuta a buji. Amma wuta ta ɗauke, juyi kuma sifiri alhali inji na juyawa, ke nan kwamfuta ba ta san yana juyawa ba. Akwai wani ɗan kaptor kusa da fulin ƙasa da ke ƙidaya haƙoran wani faifai, haƙora 34 da giɓin biyu, da shi kwamfuta ke sanin inda fistan yake. In ya yi shiru, sai ta hana bobin wuta ta hana injekta fesa mai.

Na ce to mu wuce mu sayi sabon kaptor. Ya ce a'a, lamba unguwa take nunawa, ba ta nuna gida. Zai iya zama waya ce ta goge, ko soket ɗin ya sha mai da ƙura.

Da muka koma garaji ya tashe ta, ya bi wayoyin yana girgiza su ɗaya bayan ɗaya, inji bai ko canza murya ba. Soket tsaf. Sai ya kwance kaptor ɗin, ɗan baƙin roba da bai kai yatsa biyu ba, ya ɗaura masa wayoyin mita mai auna yadda wuta ke bi ta cikinsa. A sanyi ya nuna wajen om 2,000, lafiya ke nan. Ya karɓi kaskon gawayin da yaran ke dafa shayi, ya ɗora gwangwanin tumatir da ruwa, ya tsoma bakin kaptor ɗin. Muka tsuguna muna kallo. Lamba na hawa a hankali, ruwa ya fara tururi, sai mita ta nuna hanya ta yanke. Ya ciro ya tsoma a ruwan randa, lamba ta dawo. Cikinsa waya ce siririya ta jan ƙarfe a naɗe, shekara 20 tana shan zafi da sanyi har ta tsage. In ta yi zafi tsagar ta buɗe, in ta huce ta haɗe.

Yaron ya tafi kasuwa ya dawo da biyu in zaɓa: sabo cikin kwali mai araha wanda ba a san asalinsa ba, da tsoho na kamfanin Denso da aka cire daga injin da aka shigo da shi. Baba bai ce komai ba, ya tsoma tsohon cikin gwangwanin nan har ruwa ya tafasa, lamba ba ta yanke ba. Shi na ɗauka, jika 15, aiki da bincike jika 10. Pompon da aka sa mini a banza ya fi haka tsada, kuma abin yana mini ciwo. Ni albashi nake jira, amma na tuna ƴan taksi da ke biyan mai mota kullum. Irin wannan canje-canjen na lalube yana iya cinye musu abincin wata. Na lura yaran garajin duk sun bar aikinsu sun zo kallon gwangwanin, Baba kuma bai kore su ba, har ya sa ƙaraminsu ya karanta mitar da bakinsa.

Mun sake bin Katako da Wadata da kilim a kunne, ba ta yi ba. Baba ya ce kada in saki jiki tukuna, in ci gaba da bin hanyata ta kullum, in ta sake yi kada kowa ya taɓa batir, in kira shi daga inda nake. Ya kuma nuna mini mai ya fara zubowa ramin buji na uku, robar murfin inji ta bushe, in aka bari zai kashe bobin ɗin. Mun yi da shi ƙarshen wata in kawo ta a canza robar tare da bidanj, wato canjin man inji. Na iso Harobanda ana kiran Magariba.