Wa Ke Tura Kurar Ruwa a Daura?

A unguwarmu nan Daura, masu gadi da 'yan ga-ruwa da leburorin gini yawancinsu 'yan ci-rani ne daga Damagaram, ta kan iyakar Nijar da ke Kwangwalam suke shigowa. Samarinmu kuwa suna majalisa, takardun makaranta na cikin akwati.

Ana cewa girman kai ne. Ni dai ban yarda ba. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma wane maigida ke ba mai gadinsa haka? Baƙo zai kwana a shago, ya ƙulle ɗan abin da ya samu, damina ta faɗi ya koma gona. Ɗan gari kuwa cefanen iyaye da kuɗin makarantar ƙanne na wuyansa, wallahi kuɗin ba ya kai shi tsakiyar wata.