Ƙunzugun jariri

Yau da safe famfas ya ƙare, ga kuɗinsa kullum hawa yake, sai Inna ta ce in miƙo fararen nafkin ɗin da ta zo da su tun ranar suna. Ta ninke ɗaya kusurwa uku, ta shafa wa yaron man kaɗanya a matsematsi. Da ta zo soka fil, sai na ga ta tura yatsunta biyu tsakanin ƙyallen da cikinsa, don in tsinin ya zarce ita zai samu. Ko kallon hannun ba ta yi ba, magana take mini: "Da ya jiƙa ki cire, 'yar nan, kada fitsari ya ci masa fata. Ki ɗauraye sabulun tas, ki shanya a rana."

Wallahi sai da idona ya ciko. Wankin akwai wuya, amma da rana ƙunzugu zan riƙa yi masa, famfas sai dare da fita unguwa. Ina ta tunanin yadda ta yi da mu duka, ga jan ruwa a rijiya, ga damina shanya ba ta bushewa, kuma ban taɓa jin ta ambata ba.